Hanyar Shiga Karatun Likita: Abin Da Ya Kamata Iyayen Sabo Su Sani

Wannan shi ne jawabin da kwamitin ilmi na ƙungiyarmu ya gabatar a taron iyaye da 'yan makaranta a nan Sabo, Badun. Mun buga shi kamar yadda aka karanta, domin amfanin waɗanda ba su sami halarta ba.



Mai girma Sarkin Hausawa da 'yan majalisarsa, malamanmu, shugaban ƙungiya, iyayenmu maza da mata, da ku 'yan makaranta da kuka cika bayan rumfa, muna yi muku barka da zuwa. Mun san yau ranar kasuwa ce ga da yawa daga cikinmu, wasu sun bar kaya a Sasa, wasu a Bodija, wasu sun baro kara. Allah ya saka da alheri. Ba za mu daɗe ba, amma muna roƙo a kasa kunne, domin maganar ta 'ya'yanmu ce.

An kafa wannan unguwa tamu ta Sabo a shekarar 1916. Babban asibitin koyarwa na UCH kuwa sai a 1957 aka buɗe shi. Watau kakanninmu sun riga asibitin nan zama da shekara 41, kuma daga inda muke zaune yanzu mutum yana iya takawa da ƙafa ya je can. To amma kowa ya ƙirga a zuciyarsa: 'ya'yan Sabo nawa ne, haihuwar nan, suke aikin likita ko nas a cikinsa? Dukanmu mun taɓa raka tsohuwa asibiti muna yi mata tafinta. Akwai ciwon da uwa ba za ta iya faɗi a gaban ɗanta ba. Sai ta ce ciwon kai ne, a ba ta maganin ciwon kai, ta koma gida da abinta. Ba laifin likita ba ne, abin da aka gaya masa shi ya ji.

Kuma kada wani ya ce karatun ya fi ƙarfin ɗan Arewa. Marigayi Farfesa Umaru Shehu daga Borno ya taso ya fara karatun likita a nan Badun. Marigayi Farfesa Jibril Aminu daga Song ta Adamawa ya zo, ya gama a nan a 1965. Su daga nesa suka zo. Mu muna bakin ƙofa. Abin da muka lura, yaranmu suna da ƙwaƙwalwa, amma sau da yawa ba mu sanin sharuɗɗan shiga sai bayan lokaci ya ƙure. Ba a fafe gora ranar tafiya. Saboda haka za mu bi sharuɗɗan nan ɗaya bayan ɗaya.

SHARAƊI NA FARKO: KIREDIT BIYAR

Duk wanda yake son karatun likita, ko likitan haƙori, ko nas, ko harhaɗa magunguna, ko aikin awon jini da fitsari, ko ɗaukar hoton ƙashi, ko gashin ƙashi, a jami'a, dole ne ya sami kiredit a darussa biyar a jarrabawar fita sakandare ta WAEC ko NECO. Darussan su ne Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fizik. Su biyar ɗin nan dai, ba wasu ba.

Iyaye, ku riƙe wannan. A takardar sakamako za ku ga an rubuta A1, B2, B3, C4, C5, C6, D7, E8, F9. Kiredit ya tsaya a kan C6. D7 da E8 wucewa ce kawai, ba ta kai mutum ko'ina a wannan hanya. In yaro ya zo yana murna ya ce, "Baba, na ci bakwai," ku ce madalla, sa'an nan ku tambaye shi, "A cikin bakwai ɗin akwai Fizik? Akwai Kemistiri?" Mun ga yarinyar da ta kawo kiredit takwas masu kyau, amma babu Fizik a ciki, domin makarantar da aka sa ta ba ta da malamin darasin. Shekara biyu ta yi a gida kafin a gyara.

Wannan ya kawo mu ga inda ɓarnar take farawa. Ba a aji shida na sakandare ake zama likita ba, tun daga aji huɗu ne, watau SS1, lokacin da ake raba yara, wasu ajin kimiyya, wasu ajin kasuwanci, wasu ajin adabi. Ranar da ake wannan rabo yawancinmu muna kasuwa. Yaro ya bi abokinsa, ko ya gudu daga Lissafi, shi ke nan an rufe masa ƙofa ba wanda ya sani. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Uba ya je makarantar da kansa, ya tambaya ko akwai malaman Fizik da Kemistiri, ya ce a nuna masa ɗakin gwaje-gwaje, domin jarrabawar waɗannan darussa akwai ta aiki da hannu.

Akwai kuma maganar zama ɗaya. Wasu jami'o'in suna yarda a haɗa sakamako biyu, alal misali WAEC da NECO, a cike kiredit biyar. Amma a karatun likita jami'o'i da yawa, har da ta Badun da ta Legas, a zama ɗaya suke son su. Saboda haka in ɗaya ya faɗi, gara yaro ya sake zaunawa ya rubuta duka biyar ɗin da ƙarfinsa.

Wasu sun ji a rediyo cewa a shekarar 2025 gwamnati ta sassauta sharaɗin Lissafi. Gaskiya ne, amma ga masu neman fannin adabi ne. Fannin kimiyya da na lafiya Lissafi yana nan daram.

SHARAƊI NA BIYU: JARRABAWAR JAMB

Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ita ce ƙofar shiga kowace jami'a a ƙasar nan. Darussa huɗu ake rubutawa. Ga mai neman fannin lafiya su ne Turanci, Bayoloji, Kemistiri da Fizik. A nan babu Lissafi. Mun ga yaron da ya je shagon rajista, mai shago ya cika masa Lissafi a maimakon Fizik, ya ci maki mai kyau, amma jami'a ba ta ko dubi sunansa ba. Kada yaro ya bar mai shago ya zaɓa masa darasi, kuma kada ya tashi sai ya karanta abin da aka buga, layi bayan layi.

Tun daga 2015 a kan kwamfuta ake yin jarrabawar baki ɗaya. Tambaya 180 ce cikin awa biyu, 60 na Turanci, sauran ukun 40 kowanne. Jimillar maki 400. Ku lissafa da kanku, daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya. Yaron da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba, ko ya san amsa lokaci zai cinye shi. Danna waya daban, wannan daban.

To maki nawa ake bukata? Nan ne ake ruɗar mu. Za ku ji an ce a 2025 an tsayar da 150 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga jami'a. Wannan ƙasan tukunya ne, ba a ɗaukar likita da shi. Jami'ar Badun ma ba ta sauraron wanda bai kai 200 ba, ko wane fanni yake nema. A waccan shekara ta 2025 yara sama da miliyan 1.9 suka zauna jarrabawar, kuma mafi yawansu ba su kai 200 ba. Mai neman likita ya sa wa ransa 300. Mai neman nas ko famasi kada ya ɗauka nasa mai sauƙi ne, domin yanzu rububin nas ya kusa kamo na likita.

Sai shekaru. Ba a ba yaro gurbi sai ya cika shekara 16. A 2024 an yi ta ja-in-ja a kan mayar da shi 18, daga baya aka dawo kan 16.

SHARAƊI NA UKU: TANTANCEWAR JAMI'A

Bayan JAMB, jami'a tana yin tata tantancewar, wadda yara suke kira Post-UTME, sa'an nan ta haɗa maki ta fitar da jimilla cikin 100. Kowace jami'a da irin nata lissafi. A Badun ana raba makin JAMB gida takwas, a raba na jarrabawar jami'a gida biyu, a haɗa. Alal misali, yaro ya ci 280 a JAMB, ya zama 35. Ya ci 80 a ta jami'a, ya zama 40. Jimilla 75. Kun ji kamar ya yi ƙoƙari ko? Ya yi, amma a 'yan shekarun nan makin da ake yanke wa likita a Badun yana kaiwa kusa da 80. A Legas kuwa har sakamakon WAEC suna ba shi maki, ta yadda mai A1 ya fi mai C6 ko da dukansu kiredit ne.

Me ya sa abin ya yi tsauri haka? Domin hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN, ita ke yanke wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da gadajen asibitinta. Masu nema dubbai, gurbi 'yan ɗaruruwa ko ƙasa da haka. Kuma manyan jami'o'in nan wanda ya sa su zaɓin farko suke dubawa.

SHARAƊIN DA YA FI SHAFAR MU: ƊAN INA NE?

Jama'a, a nan muke son a natsu, domin wannan ita ce tamu ta mazauna Kurmi. Jami'o'in gwamnatin tarayya suna raba gurbi kashi uku. Kashi 45 cikin 100 na cancanta ne, wanda ya fi maki ko daga ina yake. Kashi 35 na jihohin da suke kewaye da jami'ar. Kashi 20 na jihohin da aka ce suna baya a ilmin zamani, waɗanda Kano, Katsina, Sakkwato, Zamfara, Jigawa, Kebbi, Bauchi, Yobe da Borno duk suna ciki.

A tsarin ƙasar nan kuwa ba inda aka haife ka ake dubawa ba, asalin uba da kaka ake bi. Yaronmu an haife shi a Sabo, ubansa ma a nan aka yanke masa cibiya, Yarbanci a bakinsa kamar ruwa, amma ranar cika fom sai a ce ya kawo takardar shaidar ƙaramar hukumarsa ta asali. A nan a ce masa ɗan Arewa ne. Ya je Arewa a ce wane ne ya san shi? Wallahi mun ga yaron da ya sami gurbi, aka ba shi 'yan kwanaki ya kawo takardar nan, ubansa ya hau mota zuwa garin da rabonsa da shi tun yana yaro, ya tarar duk dattawan da suka san mahaifinsa sun rasu. Kafin ya samo mai tsaya masa, lokaci ya wuce.

Amma in an shirya da wuri, abin nan da muke kuka da shi yana iya zama mana alheri. Gida biyu maganin gobara. Yaron da asalinsa Katsina ne, in ya nemi Badun ko Legas ko Ife, yana da damar shiga ta cancanta, yana kuma da ta kashi 20 ɗin nan. In ya nemi Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko Bayero ta Kano, ko Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, ko ta Maiduguri, duk suna koyar da likita, kuma a can yana iya faɗawa cikin kason 'yan yanki gwargwadon jiharsa. Tallafin karatu na jihohi shi ma da wannan takarda ake nemansa.

Shawararmu ita ce, tun yaro yana aji uku na sakandare uba ya kai shi gida, ko da lokacin salla ne. A gaida dangi, a je wurin mai unguwa da dagaci da hakimi, a karɓo takardar a sakatariyar ƙaramar hukuma, a adana. Kuma a tsaya a kan gaskiya guda. Kada a sa Oyo a wannan fom, a sa Kano a wancan. Kada a sayi takardar garin da ba a da alaƙa da shi, domin ranar da aka gano, ko yaro ya kai aji biyar ana iya korarsa.

Haka maganar suna. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar ɗan ƙasa ta NIN, kuma abin da yake jikin NIN shi kwamfuta take ɗauka. Mu kuwa mun san halinmu: a firamare Sani Garba, a WAEC Muhammad Sani, a NIN Sani Abubakar Mai Goro. Mutum ɗaya, suna uku, ranar haihuwa biyu. A daidaita suna da ranar haihuwa a takardar haihuwa da NIN da rajistar makaranta tun kafin a shiga aji shida. Layin wayar da aka yi rajista da shi kuma a riƙe shi da kyau, kada a ba wani.

HATTARA DA 'YAN DAMFARA

Tun daga 2017 duk wani gurbin jami'a ta shafin JAMB da ake kira CAPS yake fitowa. Yaro zai gani da idonsa, ya danna ya karɓa. Duk wanda ya zo ya ce ku kawo kuɗi yana da hanya a ciki, ko zai ƙara wa yaro maki, ku riƙe kuɗinku. Gurbin da bai bi ta nan ba yana iya hana yaro zuwa bautar ƙasa bayan ya gama shan wahala.

Kafin ku biya kuɗin wata makaranta, musamman masu zaman kansu, ku bincika ko hukumar jami'o'i ta NUC ta amince da kwas ɗin, ko kuma hukumar masu sana'ar ta amince, MDCN ga likita, majalisar nas da ungozoma ga nas. Masu kallon Kwatano saboda kusa ce, ku tuna a farkon 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri na Binin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya sayo digiri cikin mako shida. Masu tunanin ƙasar waje kuma, mun ga yadda yaƙin Sudan na 2023 ya koro ɗalibanmu gida karatu a tsakiya. Kuma duk wanda ya karanto likita a waje, sai ya ci jarrabawar MDCN kafin a ba shi lasisi.

IN BA A SAMU BA FA?

Ba ƙarshen duniya ba ne. Yaro yana iya sake JAMB, da yawa daga cikin likitocin da kuke gani sai a karo na biyu ko na uku suka samu. Yana iya yin karatun share fage na kamar shekara guda, IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello take kula da shi, ko JUPEB, in ya ci da kyau ya nemi shiga aji biyu kai tsaye, ko da yake gurbin likita ta wannan hanya kaɗan ne ƙwarai. Akwai digirin nas na shekara biyar, da na awon jini na shekara biyar, da famasi shekara biyar ko shida. Akwai kwalejojin nas da ungozoma, su ma kiredit biyar ɗin nan suke nema, kuma yanzu ta JAMB ake shiga. Akwai makarantun koyon kiwon lafiyar al'umma. Asibiti ba likita kaɗai yake riƙe da shi ba. Matar da take naƙuda da tsakar dare, ungozoma take fara gani.

Wanda ya samu kuma ya sani yanzu aka fara. Karatun likita shekara shida ne. Shekarar farko kimiyya ce zalla, kuma ana zubar da mutane a nan. Gaba kuma akwai babbar jarrabawa a kan sassan jikin mutum da yadda suke aiki. In an gama, sai shekara guda ta koyon aiki a asibiti ƙarƙashin manya, sai shekara guda ta bautar ƙasa. Shekara takwas ke nan, in ba a yi yajin aiki ba. Uba ya shirya aljihunsa da haƙurinsa. Tun 2024 akwai rancen karatu na NELFUND marar ruwa ga ɗaliban makarantun gwamnati, yana rage nauyi.

Iyayenmu maza, ga roƙo a kan 'yan mata. Mu ne muke cewa mun fi son mace ta duba matanmu. To macen nan 'yar wani ce, kuma ubanta haƙuri ya yi har ta gama. In miji ya fito, a sa maganar karatu a cikin sharaɗi tun a gaban waliyyai. Akwai masu yin karatun nan da aurensu da goyonsu, suna kuma gamawa.

ABIN DA KWAMITI YAKE NEMA

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna neman amincewar wannan taro a kan abu huɗu. Na ɗaya, mu buɗe littafi mu rubuta sunan kowane yaro da yarinya da suke aji uku na sakandare zuwa sama, da garinsu na asali, mu duba takardunsu tun yanzu. Na biyu, mu ɗauki malaman Fizik da Kemistiri da Lissafi su riƙa koyarwa da yamma da kuma ranar Asabar. Na uku, attajiranmu na canji da na kara da na goro su taimaka da kwamfutoci ko da biyar ne, yara su saba kafin ranar jarrabawa. Na huɗu, ga waɗanda zama ya yi nisa har aka manta hanyar gida, muna roƙon mai girma Sarki ya riƙa ba su wasiƙa zuwa ga hakiman garuruwansu, domin maganar sarki ta fi ta baƙo nauyi.

Ku kuma 'yan makaranta, mun gan ku can baya kuna dariya. Duk abin da muka lissafa iyayenku za su iya yi muku, ban da abu ɗaya, ba za su shiga ɗakin jarrabawa a madadinku ba. Duk wanda yake ajin kimiyya ya tsaya bayan an tashi, magatakarda yana nan da littafi zai ɗauki sunansa. Wanda ya zo da takardunsa ya kawo mu duba yau.

 Allah ya raya mana zuriya, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.